Filin Masu Mota: A ƙara ma ƙarfen daidaito na baya kauri, ko a bar shi?

 

Maganarmu ta wanga wata bisa mota mai tangaɗi take. Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa ya san abin. An ɗora kaya, an cika mutane, da an zo kwana sai mota ta kwanta gefe guda kamar jakin da mangalarshi ta karkace. Mata na salati, yaron mota ya ƙanƙame ƙarfe, direba shina kokawa da sitiyari. In kwana na gaba, a wuce lafiya. In ba haka ba, sai dai a ji labari.

Abin shi kan ƙaru lokacin ɗibar albasa, daga Fabrairu zuwa Afrilu. Ƙananan motoci na kwaso buhunna daga garake na kwarin Tarka da na Majiya, suna kai su bakin kwalta Madawa ko Galmi, inda manyan kamiyo ke jira su wuce da su Gana da Kodebuwa. Kowa na son shi yi sawu biyu ko uku kafin rana ta faɗi.

To, akwai shawarar da ke yawo ga tashoshi. Wai in mota na tangaɗi, a sa mata ƙarfen daidaito mai kauri ga baya, sai ta tsaya cak kamar an dasa ta. Samari sun gani cikin wayar salula, inda masu tseren mota na ƙasashen Turai ke yin haka. Wagga shawara rabinta gaskiya ce. Sauran rabin da ba a faɗi ba, shi ke kai mutane likita.

Mine ne ƙarfen daidaito?

Ka duƙa ƙarƙashin mota, ka duba tsakanin ƙafafu biyu na gaba. Za ka ga wani ƙarfe mulmulalle, kaurinshi kamar babban yatsa ko ya ɗan fi. Ya gitta daga hagu zuwa dama, bakinshi biyu sun lanƙwasa kamar ƙahon sa. An kama tsakiyarshi ga shasi da robobi biyu. Kowane ƙaho an haɗa shi da ƙafa guda da wani ɗan guntun ƙarfe mai roba. Makanikan da sunka koyi aiki Najeriya suna ce mashi sitabilaiza. Mu za mu kira shi ƙarfen daidaito. Tsohon abu ne: tun 1919 wani mutumin Kanada, Stephen Coleman, ya samu takardar shaidar ƙirƙiro shi.

Ga yadda shike aiki. In ƙafa biyu sunka hau tudu tare, ƙarfen juyawa kawai shike yi cikin robobinshi, ba shi taɓuka komi. Don haka ba shi ɗaukar kaya. Wanda ya sa shi don gindin mota shi bar zama ƙasa, ya yi asarar kuɗinshi, wannan aikin sifirin ne. Amma cikin kwana gefe guda na dannuwa, gefe guda na tashi. Nan ƙaho ɗaya shi yi sama, ɗayan shi yi ƙasa, ƙarfen shi murɗe kamar zanen da ake matsewa bayan wanki. Shi kuwa ba shi son murɗa, sai shi ja mota shi hana ta kwanciya da yawa.

Kusan kowace mota tana da shi ga gaba. Ga baya ne ake bambanta. Ƙananan motocin gida da yawa suna da shi, siriri. Motocin kaya masu sifirin na falle-falle, irin bashe ta Peugeot 504 da Toyota Hilux, da yawansu sun fito daga masana'anta babu shi ga baya. Masu ƙira ba mantawa sunka yi ba. Sifirin mai ɗaukar tan guda ya riga ya yi tauri, in anka ƙara mashi wani taurin sai abu shi wuce gona da iri.

Lissafin kauri

Nan ne mutane ke ruɗuwa. Ido na ganin milimeta biyu kamar ba komi ba. Amma taurin ƙarfen daidaito ba shi tafiya daidai da kaurinshi. Masana sun auna: ana buga kaurin da kanshi har sau huɗu. Kowa shi ɗauki alli ko biro mu yi tare.

Ƙarfe mai milimeta 20: 20 sau 20 sau 20 sau 20, ya ba mu 160,000.
Mai milimeta 22: ya ba mu 234,256.
Mai milimeta 24: ya ba mu 331,776.

Kun gani? Daga 20 zuwa 22, tauri ya ƙaru da kusan rabi. Daga 20 zuwa 24, ya ninka har ya ɗara. Mai kayan gyara za shi ce maka “ai ɗan bambanci ne”. Ga hannu ɗan bambanci ne, amma ga kwana wata mota ce dabam kake tuƙi, ba wadda ka saba da ita ba.

Wanda ba shi da ma'aunin kauri, ga dabara: ka goge laka, ka gwada sifana mai buɗaɗɗen baki ga jikin ƙarfen. Wadda ta shiga daidai babu wasa, lambarta ita ce kaurinshi.

Inda haɗarin shike

Cikin kwana, nauyin mota shina barin ƙafafun ciki shi koma bisa na waje. Yawan nauyin da ke komawa, abu uku ke yanke shi: gudu, tsawon kaya daga ƙasa, da faɗin da ke tsakanin ƙafafu. Ƙarfen daidaito ba shi iya rage shi sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Aikinshi rabo ne: nawa gaba za ta ɗauka, nawa baya za ta ɗauka. Wajen da ya fi tauri shi ke ɗaukar babban kashi, kamar mutum biyu da sunka tallabi azara, wanda ya ƙi rusunawa shi azara ke dannewa.

Wajen da ya ɗauki babban kashi kuwa, tayarshi ta waje ta sha kaya fiye da ƙima, ta ciki ta yi sakayau, har wani lokaci ta bar ƙasa. Riƙon hanya ya ragu ke nan. Wannan wajen shi za shi fara sulɓewa.

Sulɓewa iri biyu ce. In gaba ta sulɓe, mota na ƙin shan kwana, tana neman miƙewa. Direba na jin abin ga hannunshi, shi ɗaga ƙafa daga mai, mota ta dawo hanya. Ko sabon direba shina iya wannan, don abin da tsoro ke sa mutum shi yi ke nan. In baya ta sulɓe kuwa, gindin mota ke zagayowa. Wanda ya ɗaga ƙafa ko ya taka birki ya ƙara ma wuta mai. Mota ta gitta bisa hanya, taya ta ci karo da gefen burji ko kwazazzabo, sai ƙafafu sama. Shi ya sa masu ƙira suke sa babban tauri ga gaba da gangan, don in abu ya ɓaci gaba ta riga baya sulɓewa.

Wanda ya ƙara kauri ga baya, ya juya wanga tsari. Masu tsere suna son haka don gindin mota shi taimake su juyawa. Amma su hanyarsu sumul take, babu jaki, babu amalanke, mutum guda ne cikin mota da hular kwano, kuma ya yi shekaru shina koyon tare gindin mota. Mu kuwa mutum goma sha tara muke ɗauka, har da masu goyo.

Abin da ya fi muni, tangaɗin nan da muke ƙi shi ke gargaɗin direba. Shi ke ce mashi ya isa, rage gudu. In mota ta bar kwanciya, sai direba shi ji daɗi, shi ƙara wuta, alhali kayan da ke bisa suna nan inda suke. Ranar da za ta tafi, ba ta yin sallama. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Hanyoyinmu

Ƙasarmu ta Adar ƙasar duwatsu ce da kwaruruka. Wanda ya bi hanya daga Madawa zuwa Buza, ya wuce Keita da Tamaske har Tawa, ya san hawa da gangara da kwanoninta. Hanyoyin ƙauye kuwa, har da waɗanda aikin raya karkara na Keita ya buɗe tun daga 1984, burji ne da gargada da rairayi, ga ƙoramu da ke yanke su kowace damina.

Bisa irin wagga hanya, kowace ƙafa na bukatar ta hau ta sauka ita kaɗai. Ƙarfe mai kauri shina ɗaure ƙafar hagu da ta dama. In guda ta faɗa rami, sai ta jijjiga mota duka. Cikin kwana mai gargada, ƙafafun baya su riƙa tsalle, kuma taya da ke sama ba ta riƙe komi. In an zo tsallake ƙorama a karkace, ƙafa guda ta rataye, ta yi ta juyawa a banza, mota ta kafe tsakiyar ruwa. Don haka ne waɗansu motocin daji na zamani ake yi masu ƙarfen daidaito wanda ke sakin kanshi in an bar kwalta. Ga kuma wahalar shasi: taurin da anka ƙara, wurin kamu shi ke shan shi, har shi tsage.

Kaya bisa, da gudu

Mu koma ga lissafi. Bashe irin Hilux, abin da anka yi ta don shi wajen tan guda ne, wato kilo 1,000, da mutane da kaya duka. Babban buhun albasa mai hula shina iya wuce kilo 100. A ce an ɗora buhu takwas, kilo 800 ke nan. Mutum shida sun hau bisa, kowa kilo 60, an samu 360. Jimla 1,160, ba a ma lissafa direba da yaronshi da safaya ba. An wuce iyaka, kuma mutanen can sama suke zaune, inda nauyi ya fi cutarwa. Kowane manomi ya san kayan da anka tula bisa amalanke har sama su ke kifar da ita. Mota ma haka take. HiAce da anka ɗora ma buhunna da awaki bisa rufi, babu ƙarfen da za shi maida ta daidai.

Gudu kuwa, buga shi ake yi da kanshi sau biyu. Kilomita 40: 40 sau 40, 1,600. Kilomita 60: 3,600. Kilomita 80: 6,400. Wato wanda ya shiga kwana da 80, ƙarfin da ke tura shi waje ya ninka na mai 40 har sau huɗu. Wanda ya sauko daga 80 zuwa 60 ya zubar da kusan rabin wannan ƙarfin, ko dala bai kashe ba.

Abin da ya faru 1997

Ko manyan masu ƙira abin shi kan kuɓuce masu. Cikin watan Oktoba na 1997, ƴan jarida na ƙasar Suwidin sunka gwada wata sabuwar ƙaramar mota ta kamfanin Mercedes, mai suna A-Class. Gwajin shi ne a kauce da sauri kamar dabba ta faɗo hanya, a sake dawowa. Gudun wajen kilomita 60 ne kawai, amma mota ta kife, don doguwa ce bisa gajerun ƙafafu. Kamfanin ya tsaida sayarwa wata da watanni. Kuma bai tsaya ga ƙarfe guda ba: ya rage tsawon motar daga ƙasa, ya sake tsarin sifirin da taya, ya sa na'ura mai taka birkin ƙafa ɗai-ɗai in mota ta fara gittawa. Daga 2014 wagga na'ura ta zama tilas ga kowace sabuwar mota cikin Tarayyar Turai.

Tsofaffin motocin da ke jigilar kasuwanninmu, mafi yawansu ba su da ita. Gwajin kuwa kullum muna yin shi ba da shiri ba: raƙumi ya ɓullo daga bayan kalgo, ko yaro ya biyo akuya. Nan ne ake gane mota mai daidaito, ba ga kwanar da direba ya gani tun daga nesa ba.

Kafin a sayi sabo, a duba na da

Sau da yawa mota na tangaɗi ne don abin da ta fito da shi ya mutu. Ga abubuwan da za a bi ɗaya bayan ɗaya.

1. Ƙarfen gaba shina nan? Akwai motocin da anka cire ma shi don shina ƙara, anka jefar. Wagga mota tana cikin haɗari iri guda da wadda anka ƙara ma kauri ga baya. A maida shi.

2. Robobi. Zafin rana da ƙura na cinye su. In ka kama ƙarfen ka girgiza ya yi wasa, ko kana jin ƙwal-ƙwal bisa gargada, sun ƙare. Kuɗinsu kaɗan ne. Kada a zuba masu baƙin mai don su bar kuka, mai na ruɓar da roba.

3. Guntayen ƙarfen da ke haɗa shi da ƙafa. In guda ya karye, ƙarfen duka ya zama ado. A sake su biyu tare.

4. Shokozoba, wanda waɗansu ke ce ma amortisar. Ka danna kusurwar mota da ƙarfi ka saki. In ta yi lilo fiye da sau ɗaya ko biyu, ko ka ga mai na zuba ga jikinshi, ya mutu.

5. Sifirin. A duba fallen da ya karye da notin da ya kwance. Wanda anka ɗaure da igiyar roba ba gyara ba ne.

6. Taya. A auna iska da safe, kafin taya ta yi zafi. Taya mai ƙarancin iska ga baya na sa gindin mota yawo. Masu kyau su ake sa ma baya. Ga jikin taya akwai lamba huɗu da ke faɗin haihuwarta: 2319 na nufin sati na 23 na shekarar 2019. A karanta kafin a biya.

In anka gyara waɗanga shida, anka sauko da kaya masu nauyi ƙasa, mafi yawan motoci za su bar tangaɗin da ake kuka da shi.

Wanda ya ce sai ya sa

Akwai inda ƙarfen baya ke da amfani. Doguwar mota mai nauyi ga baya, wadda aikinta bisa babbar kwalta shike, tsakanin Ƙwanni, Madawa da Maraɗi, tana iya samun natsuwa da shi, musamman in iska na bugu ko kamiyo ya gitta. Amma da sharuɗɗa.

A nemi wanda masana'anta ta yi ma irin motar, da maƙalanshi da robobinshi duka. Wani samfurin mota guda shi kan fito da shi, wani babu. A tambaya ko na gaban wancan samfurin ya fi kauri, in ya fi a sake shi shi ma. Masu zuwa Maraɗi ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano sayen kayan gyara, su tafi da lambar shasi da awon ƙarfen da ke ga motar.

In mota tana da nata, ana son ƙari, kada a wuce milimeta ɗaya ko biyu. Kada na baya shi kai na gaba kauri.

Kada a kai shi ga maƙeri ko mai walda. Ƙarfen daidaito ɗan'uwan sifirin ne, da wuta anka ba shi taurinshi. In anka sake gasa shi don a lanƙwasa, ko anka yi mashi walda, ya mutu. Ko shi yi laushi, ko shi karye rana tsaka cikin kwana. Rodin gini kuwa ba shi shiga wagga magana ko kaɗan.

Kada a huda shasi ko a ɗana mashi walda inda anka ga dama. A kula kada ƙarfen shi gogi tiyon birki ko tankin mai. A ƙarasa ɗaure noti bayan an sauke mota bisa ƙafafunta. Bayan sati guda a sake bin su da sifana.

Sa'annan a gwada ga fili inda babu kowa, da gudu kaɗan, sau ɗaya babu kaya, sau ɗaya da kaya. Bashe wadda babu kaya ita ta fi saurin sakin gindi, balle bisa burji ko bayan ruwan farko. In direba ya ji baya na neman riga gaba, a cire ƙarfen ran nan. Kuma duk wanda za a ba motar shi tuƙa, a gaya mashi an taɓa ta.

Kira ga kowa

Masu mota, cikin kart giriz an rubuta yawan mutane da nauyin da motarku ke ɗauka. Wanda bai iya karantawa ba shi sa a karanta mashi. Sawu biyu da kaya daidai sun fi sawu guda da ke ƙarewa cikin kwazazzabo, albasa ta watse, mota ta tafi, ga diyyar mutane bisa wuya.

Yaran mota, ku ne masu lodi. Mai nauyi ƙasa, kusa da bayan direba, a raba shi daidai hagu da dama, a ɗaure tamau. Mara nauyi shi ke hawa bisa.

Fasinjoji, ku ma kuna da baki. Ku ne ke ce ma direba “taka mana, kasuwa za ta watse”. In kunka ga an tula kaya bisa rufi har mota ta karkace tun tana tsaye, ku jira ta baya. Kasuwar da ta wuce ku, wani sati tana dawowa.

Makanikai, amana ce ga hannunku. In mai mota ya zo da ƙarfen da ba na motarshi ba, ku yi mashi lissafin nan na 20 da 24 bisa ƙasa, shi gani da idonshi.

Wanda ke da tambaya bisa gyaran mota, ko babur, ko injin ban ruwa, shi rubuto ma jarida. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana bisa birki da yadda ake saukowa gangara da kaya. Allah shi kiyaye hanya, shi kai kowa gida lafiya.